Wa Ya Cire Tashar Bakin Famfo?

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Hafsatu ba, ko da kuwa yarinyar ta girma ta yi jikoki ina raye. Ita Hafsatu ƙanwar mijina Bashir ce, kuma a gidan surukata da ke unguwar Gidan Dahala ta yi wankan jego, don haka can aka yi taron. Lokacin ban daɗe da aure ba, kowa a dangin amarya yake ce mini. Babban burina a duniya kuwa a wancan lokaci shi ne dangin miji su gane ɗansu bai yi zaɓen banza ba.

Sai na fara gaya muku aikina, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na jawo wa kaina ba. Ina aiki a wani kamfani mai motocin bas na cikin gari, a sashen tsara hanyoyi. Mu ne masu zama gaban kwamfuta a ɗaki mai sanyi mu ce mota kaza ta bi nan, ta tsaya can, ta tashi lokaci kaza. Sanda na fara aikin, kukan mutanen Sakkwato da motocinmu ɗaya ne: ba a san lokacinsu ba. Mutum zai tsaya a rana har ƙeyarsa ta dahu babu mota, can sai ga guda uku sun taho a jere kamar masu rakiyar amarya, ta gaba cike har ƙofa, ta baya daga direba sai kwandasta. Wanda ya gaji da jira ya tare kabu-kabu ko keke napep ya yi gaba, yana tafe yana zagin mu.

Shugaban sashenmu, wanda duk muke kira Injiniya, ya damƙa mini layin da ke ɗauko mutane daga wajen Gidan Dahala ya bi ta asibiti ya dire a kasuwa, ya ce in nemo masa maganinsa. Na zauna na duba, na ga abu biyu. Na farko, direbobi ba sa tashi sai mota ta cika, wanda ke nufin babu mai iya cewa ga sanda za ta iso. Na biyu, tashoshin sun yi yawa, mota ba ta gama ɗaukar gudu ba za ta sake taka birki. Na ba da shawara a riƙa sallamar mota a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba, a ajiye guda ɗaya a gareji saboda ranar da wata ta lalace, sannan a rage tashoshin da suka yi kusa da juna.

A ofis ba ma kiran tasha da suna, lamba muke ba ta. Akwai wata da muke ce wa ta tara, wadda a taswira ta kusan manne da ta goma. Ma'aikatan da aka tura zagaye sun kawo hotonta, an ɗauka da tsakar rana: katanga ce, da ɗan benci, da awaki kwance a inuwa. Ranar da na gabatar da aikina gaban manya na haska hoton a bango, na ce, "Wannan kam, ranku ya daɗe, ba mai jiran mota a nan sai awaki, su kuma ba sa biyan kuɗin mota." Aka yi dariya, har da manajan da ba a cika ganin haƙoransa ba. (Na yi kwanaki ina maimaita wa kaina wannan barkwancin a zuci ina jin daɗi. Har Bashir na ba labari, sau biyu.) Aka soke tasha ta tara tare da wasu, kuma gaskiya layin ya gyaru. Motoci suka fara zuwa a kan kari, aka yaba mini, na fara tafiya a ofis kamar wadda ta ƙera motocin da hannunta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, don ban ma ɗauke shi abin faɗa ba, shi ne ban taɓa hawa bas ɗin layin ba. A Tudun Wada na tashi, a Minanata muke zaune, Bashir ke sauke ni a ofis da mota. In za mu gaida Inna, wato mahaifiyarsa, ta wani lungun baya yake bi ya tsaya daidai ƙofar gida. Babban titin unguwar ban san kamanninsa ba.

To, ranar suna ta zo, Asabar ce. Na ci ado da leshin da ya fi kowanne nauyi a akwatina, na isa da wuri don a ga ina da hannun aiki. Na yi rabon waina, na ɗauki jaririya na yaba hancinta, na durƙusa wa tsofaffi har gwiwoyina suka yi tsami. Bayan azahar mata suka cika tsakar gida, aka baje tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka kawo tuwon shinkafa da fura. Ni ina gefen Inna, kaina a sunkuye yadda ya kamaci sabuwar suruka.

Ana cikin haka Gwaggo Hure ta shigo. Yayar mahaifin Bashir ce, tsohuwa mai jiki, mai ciwon gwiwa da ciwon suga, wadda ko maza a gidan ba sa ja da maganarta. Ta zauna da ƙyar, aka miƙa mata ruwa, ta sha, ta ce, "Ku yi haƙuri ban zo da sahe ba. Jiya na tai asibiti, har yanzu ƙahwata ba ta dawo tawa ba. Tun da anka cire muna tashar Bakin Famfo, zuwa asibiti ya zame min aikin Hajji."

Kamar jira ake yi. Tsakar gidan nan ta ɗauka gaba ɗaya. Wannan ta ce ita da ke kai ƙosai kasuwa yanzu sai ta ɗauko roba a ka ta yi zagaye. Waccan ta ce yaranta kullum sai an tare su a ƙofar makaranta don latti. Wata maƙwabciyar Inna, Malama Saratu, mutuniyar Filato ce da ta daɗe tana koyarwa a firamare a nan garin, ta ajiye cokalinta ta ce, "Ni shekara da shekaru ban taɓa makara ba, Mama. Watan nan hedimasta ya tare ni ya yi mini faɗa a gaban yaran da na koyar. Motar tana wucewa ta gabanmu, muna ɗaga hannu, direba ya ce an hana shi tsayawa. Wai mu je tasha ta gaba."

"Ta gaba," in ji Gwaggo Hure. "Ga ta can kana hange, amma ƙaton kwalbatin ruwan nan na tsakani. Sai dai in hiffike gare ka. Dole ka zagaya har bakin gada ka dawo. Ni da gwiwag ga."

Ina jin su, raina yana ɓaci tsakani da Allah. Ban san wata tasha mai suna Bakin Famfo ba, ban taɓa jin sunan a ofis ba. Abin da ya zo mini shi ne aikin ɗaya daga cikin abokan aikina ne, har na zaɓi wanda nake zargi, wani mai yawan barci a kujera. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini in tsaya in tuna a wace unguwa nake zaune a wannan lokacin ba.

Gwaggo Hure ta ɗaga hannuwa sama. "Wanda duk yac cire muna tashag ga, Allah shi isam muna. Allah shi ɗanɗana mai tahiyar ƙasa cikin rana, shi ji abin da muka ji."

Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, kuma tawa ta fi ta kowa fita, don ina so a san ina tare da dangi.

Jin muryata ya sa Inna ta juyo. Fuskarta ta washe kamar wadda ta tuna da ajiya. "Af, ga ɗiyata nan zaune muna ta wahala. Ai can taka aiki. Ita ka tsara musu tahiyar motocin duka."

Idanu suka dawo kaina. Da ina da wayo da na ce ni ƙaramar ma'aikaciya ce, zan bincika ranar Litinin. Amma an kira ni ɗiya a gaban dangi, an ce ni ke tsara komai, sai kaina ya kumbura ya fi ɗankwalina girma. Na gyara zama na fara jawabi. Na ce wannan ganganci ne. Na ce matsalar ofisoshinmu ke nan, a ɗauko mutum da digiri a ajiye a gaban kwamfuta, bai san rana ba bai san ruwa ba, ya riƙa yanke wa talakawa hukunci. Na ce na tabbata wanda ya yi wannan aikin ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafarsa a bas ba. (Wannan maganar ita kaɗai ce gaskiya tsantsa a duk jawabin.) Na ce irin waɗannan ko gadin ƙofa bai kamata a ba su ba.

"Allah shi yi miki albarka," in ji Gwaggo Hure. "Bashiru ya yi dace."

Wannan albarkar ce ta ƙarasa ni. Na zaro waya daga jaka na ce ba sai Litinin ba, yanzu zan kira shugabanmu a gabansu, a gaya mana ko wane ne. Malama Saratu ta ce, "Amarya, yau Asabar, ki bar mutum ya huta." Na ce ai ni da Injiniya babu wannan. Na kira, na danna sifika, na ɗora wayar a kan faifan da ke tsakiyar tabarma don kowa ya ji. Aka yi tsit, har masu wanke-wanke suka tsaya.

Ya ɗauka da fara'arsa. "Amarya, lafiya dai da Asabar?"

Na gaishe shi da muryar manyan ma'aikata, na ce, "Yallaɓai, wani koke ne ya iso gare ni. Akwai wata tasha a Gidan Dahala da ake kira Bakin Famfo, an soke ta, mutane suna cikin wahala ƙwarai. Nake so in san wanda ya yi wannan ɗanyen aikin."

Ya fashe da dariya. "Bakin Famfo? Ai ita ce ta tara. Aikinki ne mana. Ke da kika haska mana hoto kika ce ba mai jiran mota a wurin sai awaki."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya faru da jikina ba. Na ji maganar sarai, amma sai ta tsaya a bakin kunnena ta ƙi shiga. Na kalli wayar, na kalli faifan, na ga hoton nan a idona: katanga, benci, awaki. Leshin nan ya koma kamar an jiƙa shi an ɗora mini. Na kai hannu in kashe wayar, maimakon in kashe sai na ƙara mata murya.

Injiniya kuwa bai san inda muryarsa take sauka ba, ya ci gaba. "Har kika ce su awakin ba sa biyan kuɗin mota. Manaja har yau in ya tuna sai ya yi dariya. Kada koke ya dame ki, duk gyara sai an yi ƙorafi. Tsofaffin unguwa ne, za su saba." Sai kuma ya ce, "Na ji kamar kina cikin mutane. Ina fata dai ba a jin mu."

Malama Saratu ce ta miƙo hannu ta kashe wayar, ta kifa ta a kan faifan a hankali.

Ban taɓa sanin gidan suna zai iya yin shiru irin wannan ba. Wata mata ta tsaya da loma a hannu tsakanin kwano da baki. Inna ta zuba wa tabarma ido kamar yau ta fara ganin saƙarta. Daga ɗaki jaririya ta ɗan yi kuka, na ji ina ma ni ce, a ɗauke ni a goya a fita da ni.

Gwaggo Hure ta daɗe tana kallona. Ba harara ba ce, kallon wanda ya buɗe tukunya ya ga abin da bai zata ba ne. Can ta ce, "Awaki." Ta juya ta dubi matan da ke zaune ɗaya bayan ɗaya. "To, Saratu, ke da ni da mai ƙosai, ashe mu na awakin."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, da rana aka ɗauki hoton."

"Da rana," ta ce. "Wa ka jiran mota da tsakar rana garin ga, in ba wanda ya gaji da duniya ba? Da sahe muka hita, ɗiyata. Da marece mu komo."

Wata daga baya ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Shi ke nan, tsakar gida ta rushe. Har da masu riƙe ciki, har da mai share hawaye da gefen mayafi. Hafsatu mai jego ta leƙo ta taga tana tambayar abin da ya faru, aka rasa mai iya ba ta amsa. Ni dai ina zaune, ko motsi na kasa, ina ta mamakin yadda mutum zai zagi kansa tiryan-tiryan a gaban dangin miji, ya kawo hujjoji, a sa masa albarka a kai.

Inna ce ta cece ni, ita da na fi jin kunya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ku ci abinci, tuwo na hucewa. Wanda yaɓ ɓata shi ka gyarawa, kuma ga ta gida." Sannan ta dube ni ta ce in tashi in kai wa Hafsatu ruwan zafi. Na tashi da sauri. Ina wucewa Gwaggo Hure ta riƙo gefen zanena.

"Addu'ar da niy yi na janye, tunda abin gida na," ta ce. "Amma amin ɗinki ke ad da shi. Ki san yadda za ki yi da shi."

A ɗakin mai jego na ƙare ranar, ina riƙe da jaririya kamar garkuwa. Kafin magariba labari ya isa zauren maza. Da Bashir ya zo ɗaukata, maimakon lungun baya sai ya bi ta babban titi, sannan ya faka a gefe ya kifa kansa a sitiyari, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Na ce masa in ya gama ya nuna mini Bakin Famfon. Ya nuna mini da yatsa, don a daidai wurin ya tsaya. Tazarar da ke tsakaninta da gidan Inna ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Ranar Litinin da sassafe na ce ya sauke ni a can. Na tarar da mutane suna fitowa daga lunguna, masu kayan makaranta, masu robobi a ka, ma'aikata da jakunkuna, duk suna wuce bencin suna gangarawa. Malama Saratu ta gan ni, ba ta ce mini komai a kan Asabar ba, ta ce kawai, "Zo mu je, ki gani." Muka bi gefen kwalbatin, wanda a taswirata ɗan siririn layi ne da ban ma kula da shi ba. A ƙasa kuwa rami ne mai faɗi da zurfi, ga tasha ta goma can tsallake kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Muka yi ta tafiya har gada, muka tsallaka, muka dawo ta ɗaya gefen. Muna isa motar tana tashi, daidai lokacin da na tsara mata, ba ta ƙara ko daƙiƙa ba. Muka tsaya muna kallon bayanta. Takalmina mai tsini ya riga ya tayar mini da bororo a dunduniya, addu'ar da aka ce an janye ta same ni duk da haka.

Maido da tashar bai zo da sauƙi kamar soke ta ba. Sai da na tsaya gaban manyan da suka yi dariyar barkwancina na ce na yi kuskure, taswira na duba ban duba ƙasa ba. Injiniya, wanda ya kasa haɗa ido da ni tun da ya ji inda muryarsa ta sauka, ya ce in aka maido da ita layin zai sake jinkiri, wasu kuma su yi kuka a gaba. Gaskiyarsa ce. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan mota ta riƙa tsayawa a wurin da safe da yamma, da rana kuma sai in an ɗaga hannu. Na roƙi a koma a sake duba sauran tashoshin da na soke, wannan karon da safe, kuma da ƙafata. Biyu daga ciki na tarar sokewar ta yi daidai. Ɗaya kuma ban so in ba da labarinta yau.

Ranar da aka fara tsayawa ta dace da ranar asibitin Gwaggo Hure, Inna ta ce in raka ta. Na riƙe mata jaka, na taimaka mata ta hau, muka sami kujera. Na ɗauka an wuce wurin. Mota na tashi ta juya ga fasinjoji, mutanen da ba ta sani ba ba su san ta ba, ta dafa kafaɗata ta ce, "Jama'a, ku gode ma yarinyag ga, ita tam maido muna tasha." Aka fara sa mini albarka, na fara murmushi. Ta jira sai da suka gama, sannan ta ƙara, "Kuma ita tac cire ta." Har muka kai asibiti kwandasta yana leƙo ni.

Yanzu ba na taɓa ko ɗigo a taswira sai na je na tsaya a wurin, na tambayi sunan da mutane ke kiransa. Wayata kuma ta daina shiga sifika, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Babban abin da na koya dai shi ne, in ka ji ana kai ƙarar wani ma'aikaci wurin Allah a cikin taro, ka riƙe amin ɗinka tukuna, ka fara tambaya a wane ofis yake aiki, kuma a wace kujera yake zama.